Sharhi: Eriyar Zobe ga Mai Rediyon Sha'awa da Ba Shi da Damar Ɗaga Eriya a Gidansa

Duk wanda ya sami lasisin rediyon sha'awa, wato izinin da hukuma take bai wa mutum ya riƙa magana da takwarorinsa na duniya ba don neman kuɗi ba, ba ya daɗewa sai ya gane cewa eriya ce take kai murya nesa, na'urar da ke kan teburi hidima kawai take yi mata. Ita kuwa eriyar gajeren zango fili take so. Wayar da aka saba shimfiɗawa mai rabin tsawon zango tana kai kimanin mita 10 idan a zangon mita 20 za a yi aiki, ta kai mita 20 a zangon mita 40, ta kai kusan mita 40 a zangon mita 80, kuma ana so a ɗaga ta sama sosai kafin ta yi abin kirki. Mutumin da yake haya a gidan bene, ko wanda ya sayi gida a unguwar da aka rattaba hannu kan sharaɗin cewa ba za a kafa komai a kan rufi ba, ba shi da inda zai kai wannan tsawo.

Wannan matsala ta fi yin ƙamari a Amurka, inda ƙungiyoyin masu gidajen unguwa suke da ƙarfi. A shekarar 1985 hukumar sadarwa ta ƙasar, FCC, ta fitar da hukuncin da ake kira PRB-1, wanda ya wajabta wa jihohi da ƙananan hukumomi su yi sassauci ga eriyar masu rediyon sha'awa, amma hukuncin bai shafi yarjejeniyar da mutum ya shiga da kansa lokacin sayen gida ba. Ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta Amurka, ARRL, ta yi ta fafutukar a cike wannan giɓi da doka, har majalisar wakilai ta amince da ƙudurin a 2016 da kuma 2017, amma bai tsallake majalisar dattawa ba. Saboda haka kasuwar ɓoyayyun eriyoyi ta bunƙasa, kuma daga cikin kayan wannan kasuwa na ɗauki wadda zan yi sharhi a kanta, wato ƙaramar eriyar zobe mai aiki da ƙarfin maganaɗisu.

Wadda na saya irin ta tafi-da-gidanka ce. Babban zoben kebul ne mai kauri da ake lanƙwasawa ya zama da'ira mai faɗin kusan mita ɗaya, bakinsa biyu suna shiga wani ƙaramin akwatin roba da ke ɗauke da kafasita mai juyawa, wato 'yar na'urar da ake murɗawa don saita eriyar. A cikin babban zoben, ta sama, akwai wani ƙaramin zobe wanda faɗinsa bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na babban ba, kuma shi ne ake haɗawa da rediyo. Zobba biyun ba sa taɓa juna, maganaɗisu ne yake ɗaukar ƙarfin daga ɗaya zuwa ɗaya. Takardar da ta zo da ita ta ce tana aiki daga megahaz 7 zuwa 30, wato daga zangon mita 40 zuwa na mita 10, ta kuma iyakance ƙarfi zuwa wat 20 idan murya ce, wat 10 idan siginar kwamfuta ce da ba ta yankewa. Tana zama a kan ƙafa uku irin ta kyamara, ana harhaɗa ta cikin 'yan mintuna, idan an gama kuma a naɗe ta a saka a jaka.

Ta fuskar ɓoyewa ba ni da abin cewa sai yabo. Ba ta buƙatar wayoyin ƙasa, ba ta buƙatar a huda bango ko a hau rufi, ba ta kuma damu da tsayi kamar yadda doguwar waya take damuwa ba. Idan tana tsaye mita ɗaya ko biyu daga daɓe tana aiki. Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne, ba ta sa mutum ya karya alkawarin da ya ɗauka. Abin da ake fito da shi baranda a yi aiki a mayar ɗaki ba kafaffen abu ba ne, don haka ba sai an riƙa sanɗa ana tsoron ranar da mai gida ko wakilin unguwa zai ɗaga kai ya gani ba. A ganina wannan ya fi dabarun ɓadda kama da ake yayatawa daraja, domin eriyar da aka ɓoye a inda aka hana, ranar da aka gano ta, amana ce ta zube tsakanin mutum da maƙwabtansa.

Sai dai farashin wannan ƙanƙanta a wurin saiti ake biyan sa, kuma nan ne mai saye ya kamata ya tsaya ya yi tunani. Zoben yana amsa wani ɗan siririn yanki ne kawai na mitar da aka saita shi a kai. A zangon mita 40 faɗin wannan yanki 'yan kilohaz ne, a zangon mita 20 ya ɗan fi haka, sai a mita 15 da mita 10 ne mutum yake samun sararin motsawa. Yadda ake yi shi ne a buɗe murya a rediyo, a kama abin murɗawa na kafasita a riƙa juya shi a hankali. Da fari ba a jin komai, kamar an cire eriyar gaba ɗaya, can sai ƙarar shuu ta taso farat ɗaya, idan hannu ya zarce da ƙiris kuma ta ɓace. A daidai wannan tsini ake tsayawa, sannan a aika ƙaramin ƙarfi a duba ma'aunin SWR, wanda yake nuna yawan ƙarfin da ke dawowa cikin rediyo maimakon ya fita, a ƙara taɓawa kaɗan har allurar ta sauka. Abin haushin shi ne jikin mutum ma yana shiga lissafi: ina saita ta daidai hannuna yana kan akwatin, da na janye hannun na koma kujera sai allurar ta ɗan hau. Da sabo mutum yakan koyi zarcewa da gangan gwargwadon abin da janye hannun zai gyara, amma wanda ɗabi'arsa ita ce yawo daga wannan tasha zuwa waccan yana neman wanda zai kira, zai gaji da tashi da zama.

Game da ƙarfin da take fitarwa, lissafin ba ya ɓoye komai, ko da masu talla sun ɓoye. Turjiyar da take wakiltar abin da eriya ke watsawa sararin sama, a doguwar waya mai rabin zango kimanin om 73 ce (om shi ne ma'aunin turjiyar lantarki). A zobe mai faɗin mita ɗaya kuwa, a megahaz 14, wato zangon mita 20, ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na om ɗaya ba, kuma duk lokacin da aka rage megahaz ɗin zuwa rabi sai ta ragu sau 16. Ma'anar wannan ita ce, a megahaz 7 turjiyar kebul ɗin kansa da ta mahaɗansa ta ninka ta sau da yawa, don haka mafi yawan ƙarfin da aka tura zafi yake zama, ɗan kaɗan ne yake tashi. Abin da na gani a aikace bai saɓa wa wannan ba. A mita 10, 15 da 17 eriyar tana ba da mamaki, a mita 20 tana yin aiki mai gamsarwa, a mita 40 kuwa ina jin mutane tangaran amma su da ƙyar suke jin cewa akwai wani mai kira. Rubuta megahaz 7 a jikin kwali gaskiya ce ta fuskar cewa ana iya saita ta a can, amma ba a gaya wa mai saye abin da zai rasa ba, kuma wannan shi ne babban ƙorafina a kan yadda ake tallata irin waɗannan eriyoyi.

Inda ta fi dacewa shi ne tsarin FT8, wanda Joe Taylor, masanin kimiyyar da ya sami kyautar Nobel a 1993, da Steve Franke suka fitar a 2017. A wannan tsari kwamfuta ce take aika gajeren saƙo a zagaye na daƙiƙa 15, siginar ba ta wuce faɗin haz 50 ba, kuma manhajar tana iya tsinto ta ko da ta nutse ƙasa da hayaniya da kusan desibel 20, inda kunnen mutum ba ya jin komai. Tun da kowa a wuri guda yake taruwa, misali megahaz 14.074 a zangon mita 20, sau ɗaya ake saita zoben a bar shi, matsalar ƙuncinsa ta kau ke nan. Da wat 10 daga baranda na ga lambar kirana ta bayyana a taswirar PSK Reporter, shafin intanet da ke nuna inda aka ji siginar mutum, a wasu nahiyoyi, kuma an amsa mini daga can. Saƙon Morse ma yana tafiya lafiya. Murya ce take da wuya: idan tasha mai nisa ta fito mutane suka yi mata caa, masu manyan eriyoyi da ɗaruruwan wat ne suke shiga, mai zobe sai ya jira taron ya watse.

Akwai wata fa'ida da ban yi tsammanin za ta kai haka ba, ita ce ta sauraro. Gidajen zamani cike suke da abubuwan da ke zubar da hayaniya a gajeren zango, daga cajar waya da ƙwan fitila na LED zuwa inbata ta hasken rana. Zobe a tsaye yana ji sosai ta gefunansa biyu, amma yana da kurman wuri ta fuskarsa, wato ta layin da ya ratsa tsakiyar ramin. Akwai wata ƙara mai kama da ta injin niƙa da take taso mini da yamma a mita 20 daga wani ɓangare na ginin. Da na juya ƙafar eriyar a hankali har fuskar zoben ta kalli wajen, sai ma'aunin sigina ya sauka da maki biyu zuwa uku, muryoyin da ke ƙarƙashin ƙarar suka fito. Kowane maki a wannan ma'auni desibel 6 ne bisa ƙa'ida, wato ninki huɗu na ƙarfi, don haka ba ƙaramin sauƙi ba ne. Dabarar tana aiki ne idan hayaniyar daga wuri guda take zuwa. Idan ta kewaye mutum ta kowane gefe, juyawa ba ta magani.

Batun lafiya ba abin wasa ba ne da wannan eriya, kuma takardar da ta zo da ita ta taƙaita shi fiye da kima. Ko da wat 10, wutar da ke taruwa a bakin kafasita tana iya haura bolt 1,000, da wat 100 kuma dubbai ne, shi ya sa manyan zobba suke amfani da kafasitar da aka rufe cikin gilashi aka zuƙe iskarta. Wanda ya zarce iyakar da aka rubuta zai ji tartsatsi yana ƙyas-ƙyas a cikin akwatin, allurar SWR ta yi tsalle. Taɓa zoben ana cikin aikawa yana ƙona fata. Ban da wannan, ƙarfin maganaɗisun da ke kusa da shi yana da yawa, don haka bai kamata a zauna dab da shi ba, balle a bar yara ko mai na'urar bugun zuciya kusa. Tun 2021 hukumar FCC a Amurka da Ofcom a Birtaniya suka tsaurara ƙa'idar cewa mai tasha ya tabbatar da cewa igiyoyin da yake fitarwa ba su wuce iyaka ga mutanen da ke kusa ba, kuma a gidan bene bango ɗaya ne ya raba baranda da ɗakin maƙwabci. A nan ne buƙatu biyu suke karo: lafiya tana cewa a nisanta, saitin hannu yana cewa a matso. Da yau zan saya, wadda ake saitawa daga nesa da ƙaramin moto zan ɗauka.

A cikin ɗaki aikinta yana raguwa ƙwarai idan ginin na kankare ne mai rodi, ko kuwa akwai ƙarfen taga kusa. Matsar da ita taku biyu zuwa baranda yana canza komai. Akwatin kafasitar ba ya hana ruwa shiga, saboda haka ba a barin ta a waje, mahaɗan kebul ɗin kuma suna sassautawa da yawan harhaɗawa, sai an riƙa ɗaure su tam, domin a eriyar da turjiyarta ba ta kai om ɗaya ba mahaɗi mai datti asara ce kai tsaye.

Na sami damar gwada ta kafaɗa da kafaɗa da siririyar baƙar waya mai tsawon mita 20 da ake ciyarwa ta baki ɗaya da taransifoma mai ninki 49, an rataye ta daga taga zuwa bishiya. Daga ɗan nesa ido ba ya ganin wayar, tana aiki a mita 40, 20, 15 da 10 ba tare da murɗe-murɗe ba, kuma a mita 40 ta yi wa zoben fintinkau. Wanda yake da bishiya da izinin rataya waya, ita ya kamata ya fara gwadawa, ya dai sa zoben ferit, wani ɗan zobe mai tare wutar rediyo, a kan kebul don kada wuta ta biyo shi zuwa ɗaki. Wayar da ake shimfiɗawa tsakanin silin da rufi tana yi idan rufin ba na kwano ba ne. Indararon ƙarfe yakan zama eriya, amma mahaɗansa masu tsatsa suna haifar da ƙara. Sandar tuta mai eriya a ciki ta karɓu a Amurka saboda wata dokar da aka sa wa hannu a 2006 wadda ta hana ƙungiyoyin unguwa haramta kafa tutar ƙasar, sai dai tana buƙatar fili da wayoyin da ake binnewa a gindinta. Zobe na wanda ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan ne, kuma a wurinsa da babu gara ba daɗi.

Wani abu da mai karanta yabon da ake yi wa waɗannan eriyoyi ya kamata ya sa a lissafi shi ne lokacin da aka yi gwajin. Tabon rana, wato ɗigo-ɗigon duhu da ke fitowa a fuskar rana wanda yawansa ke shafar nisan da siginar gajeren zango take kaiwa, yana hawa da sauka a zagaye na kimanin shekara 11, zagaye na 25 ya fara a Disambar 2019, ya kai ƙololuwa a wajajen 2024, kuma a irin wannan lokaci zangon mita 10 da 15 suna buɗewa har ƙaramin ƙarfi ya tsallaka teku. Waɗannan su ne zangunan da zoben ya fi ƙwarewa a kansu. Yayin da zagayen yake gangarawa za su riƙa yin shiru, harka ta koma mita 30 da 40, inda zobe mai faɗin mita ɗaya ya fi rauni. Saboda haka na fara shirin haɗa wani da bututun jan ƙarfe mai kauri, wanda faɗinsa zai kusa mita biyu idan baranda ta ɗauka, a yi wa mahaɗansa walda maimakon ɗauri, wannan na kebul kuma in bar shi don zangunan mita 10 zuwa 20 da tafiye-tafiye.