Takarda ko Manhaja: Me Za Ka Saya Kafin Ka Fara Gina Duniyar Labarinka?

Duk wanda ya taɓa rubuta labarin wata ƙasa da babu ita a zahiri ya san inda gizo ke saƙar. Raɗa wa masarauta suna ba wuya, zana kogin da ya ratsa ta ma haka. Sai ka kai babi na goma sha biyar, kana son tuna ko tafiyar kwana uku ce daga fada zuwa bakin teku ko ta kwana biyar. Ka tabbata ka rubuta, amma a ina? Saboda haka duk abin da za ka saya, tambayar farko ita ce: idan na ajiye bayani a cikinsa yau, zan same shi bayan wata shida?

Littafin rubutu ne mafari ga yawancin marubuta, kuma ba duka suke ɗaya ba. Abin dubawa shi ne kaurin takarda, wanda ake aunawa da giram a kowace murabba'in mita. Takardar littafin kamfanin Moleskine ta yau da kullum giram 70 ce. Tana da daɗin rubutu da fensir, amma tawada mai ruwa kan bayyana a bayan shafi. Ta Leuchtturm1917 giram 80 ce. Bambancin kaurin kaɗan ne, sai dai wannan littafin ya zo da lamba a kowane shafi da gurbin jerin abin da ke ciki a farkonsa, kuma a ganina wannan kaɗai ya isa ya ba shi nasara. Ka rubuta "Haraji a Masarautar Arewa, shafi na 42", shi ke nan, ka huta da bincike.

Ka zaɓi mai ɗigo-ɗigo maimakon mai layi. Tazarar ɗigon milimita 5 ce, don haka kana iya cewa kowace tazara tafiyar yini guda ce, nan take taswirarka ta sami ma'auni. Girman A5 ya fi sauƙin ɗauka a jaka, amma ya yi wa taswirar nahiya kaɗan. A nan sai faffaɗar takarda A3, wadda ta ninka A4. Mai son fenti na ruwa kuma ya nemi takarda mai giram 300, in ba haka ba za ta kumbura ta lanƙwashe.

Fensir kafin biro, ko da yaushe. HB don zanen farko, 2B idan ana son ya fito baƙi. Za ka yi gogewa da yawa, musamman ranar da ka lura cewa koginka yana hawa dutse, ko ya rabe gida uku a tsakiyar ƙasa, alhali koguna gangarowa suke yi suna haɗuwa, sai dab da teku suke rarrabuwa. Idan zane ya zauna, alƙalamin Pigma Micron na kamfanin Sakura yana da tawadar da ruwa ba ya wankewa bayan ta bushe.

Inda takarda ta gaza shi ne dangantaka. Wane ne kawun wane, wace kabila ce ke gaba da wace, wa ya mutu kafin yaƙi. A nan manhaja ta yi wa littafi fintinkau. Obsidian, wadda ta fito a 2020, kyauta ce, tana aiki ba tare da intanet ba, kuma tana ajiye bayananka a na'urarka a matsayin rubutu zalla, ta yadda ko an daina yin ta gobe za ka iya buɗe su da wata. Kana ambaton sunan mutum a shafi ka ɗaure shi da nasa shafin, daga baya ta nuna maka duk inda sunan ya fito. Scrivener ta girme ta, tun 2007 take, sau ɗaya ake biyan kuɗinta, kuma ta fi dacewa da wanda ke son bayanai da ainihin rubutun littafin su zauna wuri guda. Amma babu ita a wayar Android, ka sani tun kafin ka sa rai.

World Anvil kuwa an yi ta ne musamman don wannan aiki, a intanet take, da gurabun cikewa na addini, harshe, sarauta, har da dabbobi. Tana da kyau, amma ina tsoronta. Gurabun suna da jan hankali, mutum sai ya share wata uku yana tsara kalandar mutanen da ba za su fito a labarin ba, babi na ɗaya kuma yana nan ba a taɓa shi ba.

Manhajojin taswira su ne na ƙarshe da ya kamata a kashe wa kuɗi. Inkarnate a intanet take, tana da ɓangaren kyauta da na biyan kuɗi lokaci-lokaci; Wonderdraft ana saye sau ɗaya a sa a kwamfuta. Mai iya zane da hannu zai fi sakewa da Procreate, idan yana da iPad, ko Krita wadda kyauta ce amma tana son allon zane irin na Wacom. Amfaninsu shi ne zane hawa-hawa: duwatsu a hawa ɗaya, iyakoki a wani, ka matsar da iyaka ba ka taɓa dutse ba.

Da ni ce mai farawa yau, littafi mai ɗigo da lambar shafi zan saya, da fensir biyu, in sauke Obsidian. Duk zanen da ya kammala in ɗauki hotonsa da waya, in sa a shafin garin da ya shafa, tare da kwanan wata da lambar shafin littafin. Manhajar taswira sai ranar da gaɓar tekun ta yi wata biyu ban goge ta ba.