Yawon kallon tsuntsaye daga San Pedro House a hamadar Arizona

San Pedro House tsohon gidan makiyaya ne na shekarun 1930, yana gefen babbar hanya mai lamba 90 a gabashin garin Sierra Vista da ke jihar Arizona ta Amurka, kuma daga ƙofarsa ne 'yan sa-kai na ƙungiyar Friends of the San Pedro River suke jagorantar baƙi zuwa bakin kogi. Na bi su da sanyin safiya a watan Mayu, kuma ina ganin duk mai son tsuntsaye da ya je yankin bai kamata ya wuce su ba.

Kogin San Pedro yana tasowa ne daga Sonora ta ƙasar Meziko ya nufi arewa, kuma tun 1988 majalisar dokokin Amurka ta keɓe kimanin kilomita 64 na gaɓarsa domin kare muhallin wurin. Daga nesa mutum zai hango dogayen itatuwan bakin rafi da ake kira kotonwud sun yi layi kore shar a tsakiyar busasshiyar ƙasa, kamar yadda korama take ratsa ƙasar Azbin.

Abin da ya fi burge ni shi ne jagoranmu bai tsaya ga kiran sunayen tsuntsaye kawai ba. Da muka ga shaho mai ruwan toka, sai ya bayyana cewa a kan waɗannan itatuwan yake sheƙa, yawancin abincinsa ƙadangaru ne, su kuwa itatuwan ba sa rayuwa sai saiwarsu ta taɓa ruwan ƙarƙashin ƙasa, wanda rijiyoyin burtsatse na garuruwan kewaye suke zuƙewa. Ya ƙara da cewa tun 1999, a kowane watan Yuni, lokacin da rani ya fi tsanani, 'yan sa-kai sukan taka kogin da na'urar GPS mai nuna ainihin inda mutum yake, suna rubuta inda ruwa yake da inda ya ƙafe. Wannan bayanin ya sa na kalli ɗan tsuntsun nan ja wur mai cafke ƙwari a iska, wanda ake kira Vermilion Flycatcher, da wata damuwa da ban zo da ita ba.

Tafiyar ba ta da wahala, ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, kuma akwai ɗan shagon littattafai a cikin gidan. Sai dai rana tana ƙwallewa da wuri a filin da ke tsakanin gidan da kogin, don haka a tanadi ruwan sha, malafa da madubin hangen nesa.