Gidan tuwon da ya tashi daga Karantina

Tun da hukumomin Jidda suka soma rushe tsofaffin unguwannin birnin a ƙarshen shekarar 2021, mutanen Karantina da Gulel da Sabil suka watse, kowa ya sauka inda kuɗin hayarsa ya iya kai shi. Gidan abincin wata Hajiya 'yar asalin Kano yana cikin waɗanda suka tashi, yanzu kuma yana gabashin titin Haramain, a wani ɗan shago mai ƙunci.

Tuwon shinkafarta yana nan yadda aka san shi, da laushi ba tare da ya caɓe ba, miyar kukar kuma tana jin daddawa da man shanu har ƙamshinta yana tarar mutum a bakin ƙofa. Masa tana fitowa daga tanda bayan La'asar, gefenta a soye, cikinta a tashe. Tsiren ne ban yaba ba, domin ƙuli ya yi masa yawa, naman kuma ya bushe, kuma duk wanda ya ci na titin Mansur a Makka zai ji bambancin. Farashi ya hau, amma a ganina bai wuce kima ba idan aka dubi tsadar haya.

Yawancin masu zama a tabarmar shagon samari ne haifaffun Jidda, waɗanda Larabcin Hijaz ya fi Hausa sauƙi a bakinsu, amma igama, wato takardar izinin zama, suke sabuntawa kamar wanda ya sauka jiya, saboda haihuwa a Saudiyya ba ta mayar da ɗan baƙo ɗan ƙasa. Najeriya a waya suka san ta, unguwar da suke kira gida kuwa ta zama fili. Na ji wani saurayi mai kai saƙon abinci, yana wanke hannu, ya ce, "Inna, maƙwabtanmu na bayan masallaci ina suka koma?" Ba ta ajiye mara ba ta ce, "Suna Bahra, ɗana, tsohon kuma Allah ya yi masa rasuwa." Saboda irin wannan tambaya wasu suke ƙetaro birnin, ba don yunwa kaɗai ba.

Wurin zaman iyali labule ne kawai ya raba shi da na maza, wurin ajiye mota kuma yana da wuya. Mai son tuwo ya zo kafin Isha'i, domin daga nan sai ƙanzo.