Shagon sari-sari na layinmu a Sampalok, ga masu shirin zuwa Manila karatu

Duk wanda zai taho Filifin karatu in ya kira ni tambayarsa ba ta wuce kuɗin haya, biza, sai kuma ko akwai abincin halal. Ba wanda ke tambaya a kan shagon sari-sari, alhali wallahi sai ka fi zuwa can fiye da yadda za ka je laburare. To bari in ba ku labarin na layinmu a Sampalok cikin Manila, ba zan kama suna ba don matar ba ta san ina rubutu a kanta ba, kuma dama kusan kowane layi akwai irinsa.

Da farko dai ba shago ba ne da ake shiga. Taga ce a gaban gida aka sa mata ragar ƙarfe, aka bar ƴar kafa da hannu kawai ke wucewa, kaya a rataye reras kamar tiredar unguwa a gida, sai dai ita mai shagon tana can falonta tana kallon talabijin ko tana girki, in ka zo sai ka ɗaga murya ka ce "Pabili po!", wato zan sayi abu, sannan ka ji ƙarar silifas ɗinta tana tahowa. Samari Ate suke ce mata, wato yaya, ni dai Nanay nake cewa, wato mama, don ta haife ni, kuma kar ka kuskura ka yar da kalmar girmamawa "po" ɗin nan in kana magana da babba, ba za su ce maka komai ba amma za a riƙe ka da shi.

Komai ƙwaya-ƙwaya ake sayarwa, tingi suke ce masa. Ƙwai ɗaya, shamfu leda ɗaya, garin Surf na wanki ɗaya, Kopiko ko Nescafe na kofi ɗaya, madarar Bear Brand, man girki a ƙulle a ƴar leda, har tafarnuwa. In ka sayi Coke na kwalba kuma ba a nan za ka sha ba, sai ta juye maka a leda ta zura tsinken zuƙa ta riƙe kwalbarta. Tana sa katin waya na Globe da Smart, tana kuma zuba maka kuɗi a GCash, asusun kuɗi na waya, ta cire ɗan ladanta.

Maganar farashi kuwa gaskiya akwai tsada in ka yi lissafi. Ita ma a babban kantin Puregold take sarowa ta ɗora feso ɗaya ko biyu a kan kowane abu, ba ka jin zafinsa sai ƙarshen wata. Kayan wata guda da shinkafa ka tafi babban kanti ko kasuwa, nan wurin na "kai, sukari ya ƙare" ne da ƙarfe shida na safe. Sai matsalar canji, ka miƙa mata takardar feso 1000 da sassafe ka ga yadda za ta kalle ka, wani lokacin ma ragowar feso ɗayanka alawa za a ba ka a madadinsa, ko kana so ko ba ka so.

Inda nake so ku buɗe kunne shi ne halal. Mutanen nan alade abincinsu ne na yau da kullum, kuma yana shiga abubuwan da ba za ka taɓa zato ba. Soyayyar fatar alade, chicharon, tana nan rataye gefe ɗaya da biskit a irin leda mai kyau ɗin nan. Naman gwangwani, sosej, sinadarin ɗanɗanon miya, taliyar leda irin su Lucky Me, duk sai ka juya baya ka karanta ko ka nemi tambarin halal, ni na IDCP, wata ƙungiyar Musulmi mai ba da shaidar halal, na fi gani. Kifin gwangwani irin Ligo da 555 da Century Tuna su ne rufin asirin ɗalibi a nan. Abin da ya sa na ƙara mata maki, tunda ta gane ni Musulmi ne ita da kanta take tsare ni, in na nuna wani abu sai ta girgiza kai ta ce "Bawal sa'yo 'yan, anak, may baboy", wato wannan haramun ne gare ka ɗana, akwai alade, ta ɗauko wani ta miƙo. Har ƴarta ta koya wa. Amma nama dai kar ka nema a unguwa, ka hau jifni, motar hayarsu, zuwa unguwar Kiyapo, wajen Masallacin Zinare da aka gina a 1976, can ƴan kabilar Maranao suke da shaguna da gidajen abinci, ka yi Juma'a ka yi cefanenka gaba ɗaya.

Sai littafin bashi. Akwai wani tsohon littafin makaranta da take ajiyewa ƙarƙashin gwangwanin kuɗi, in ka zama suki, wato kana saye kullum ta san fuskarka da ƙofar da kake fitowa, za ka iya cewa "palista po", wato a rubuta min, ta rubuta. Ni a littafin "Nigeria" kawai ta rubuta a saman shafina. Lokacin da naira ta dinga faɗuwa daga 2023, kuɗin gida ya zo a makare kuma in ya zo ya zo a ƙanƙance, littafin nan ya ciyar da mu ba kaɗan ba, kuma ba ta taɓa yi min magana a gaban mutane ba. Amma fa ka biya ranar da ka ce, don akwai benci a gaban shagon, kuma matan da ke zama a kai, waɗanda ake tsokana da Marites, wato ƴan gulma, babu abin da ke wuce su. Sun san ƙarfe nawa ka dawo, wa ya zo wurinka, me ya sa ba ka fito jiya ba. Abin yana da takura, sai dai ta wannan bencin na samu yaron da ke kawo ruwan galan, da mai wanki, da wanda ya raka ni ofishin barangay, wato hukumar unguwa, karɓar takardar shaidar zama. In mai kawo saƙon Shopee, kasuwar intanet, ya zo ba na nan ita ke karɓa.

Abin da ya fi ci min rai dare ne. Tana sayar da giya irin su Red Horse da Ginebra, to Asabar da yamma sai maza su jawo tebur gefen tagar, in an yi rashin sa'a ranar haihuwar wani ce sai a hayo injin bidiyoke, na rera waƙa da makirufo, kai kana da jarrabawa Litinin su kuma suna ta rera waƙa ɗaya ana maimaitawa har sai ƴan tanod, masu sintirin unguwa, sun zagayo sun ce a rage. Ba faɗa suke ba, hasali in za ka wuce sai sun miƙo maka kofi suna "Tagay!", wato zo ka sha, ka ce kai Musulmi ne su ce a ba shi Coke. Sannan tambayoyi, kana buga kwando? gashin nan naka ne? Najeriya kusa da Amurka take? Na yara ya fi yawa, da ka saba shikenan.

A watan Yulin 2024 da guguwar Carina ta haɗu da ruwan damina titin España ya koma kogi, ruwa ya shigo layinmu har gwiwa, ba hanyar zuwa babban kanti. Matar nan ta kwashe kayan ƙasa ta ɗora kan tebur, ta ci gaba da sayarwa ta taga tana tsaye cikin ruwa, kyandir da taliya da kifin gwangwani suka ƙare kafin magariba kuma ba ta ƙara ko sisi a kai ba, ni ma sai da ta ɓoye min gwangwani biyu.

Tauraro huɗu na ba ta cikin biyar, ɗayan na cire shi ne saboda bidiyoke da alawar canji. In ka sauka ka zaɓi shago ɗaya a layinku ka riƙe shi, kar ka dinga raba ƙafa, ka gaya mata tun ranar farko ba ka cin alade, kuma ka dinga tara ƴan feso ashirin-ashirin da silalla a aljihu. Tana rufewa wajen goma na dare, amma in ka ga hasken talabijin ta taga ka ƙwanƙwasa, za ta buɗe.