Shatar wuni guda a Bukuru: mota ta tsufa, amma Baba ya san ramukan kuza

Kakana yana cikin waɗanda aka kwasa daga ƙasar Zazzau a 1942, lokacin diban gwamna, aka kai su haƙar kuza a Filato saboda yaƙin Hitila. Har ya koma ga Allah, in an ambaci Bukuru sanyi kawai yake tunawa. Shi ya sa da hutun Disamba ya zo na kwashi uwargida da yara biyu muka nufi can, muka sauka a wani ɗan masauki kusa da kasuwar Kugiya. Mai masaukin ne ya haɗa mu da wani dattijo mai motar shata da ke zagayawa da baƙi, muna ce masa Baba.

Mun daidaita a kan naira 50,000, mai a kansa, kuɗin shiga wurare a kanmu. An yi da shi ƙarfe 7, bai iso ba sai 8 da rabi, kuma ko a jikinsa. Motar tsohuwar Peugeot ce, gilashin baya ba ya rufuwa, ga hunturu a tudun da ya haura mita 1,200. Uwargida ta haɗe rai tun kafin mu fita gari.

Na ce a fara da ruwan Assop, wanda ke zubowa daga kan duwatsu. Ya ce, "Malam, ruwa ba ya gudu ya bar wurinsa. Ka fara ganin abin da ya kawo kakanka."

A nan kuɗina ya fita. Ya sauka daga kwalta ya bi wata hanyar burji tsakanin shingayen ƙerana, sai ga tafki kore shar, tsit, kewaye da jajayen tuddai. Ni da na ɗauka halitta ce. Ashe rami ne da injinan ATMN, kamfanin haƙar kuza na Turawa, suka haƙa, tuddan kuma ƙasar da aka tono ce aka jibge. Baba ya yi wa mahaifinsa kai abinci a irin wannan rami, don haka da hannu yake nunawa: nan injin ya tsaya, nan bututun da ke feshin ruwa yana rushe gaɓa, can barikin lebura. Ya nuna mana turakun wutar kamfanin lantarki na NESCO, wadda ake jawowa daga madatsar ruwan Kurra tun zamanin Turawa domin injinan haƙa, ba domin gidajen mutane ba. Da farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya a 1985, abin da ya rage na harkar ya durƙushe, ramuka suka zauna da ruwansu. Yanzu masu lambu ne ke jansa da injin ban ruwa, kabeji da karas da dankalin Turawa har bakin gaɓa.

Ɗana ya zabura zai gangara, Baba ya daka masa tsawar da ni kaina sai da na razana. Tafkin kuza ba shi da bakin wasa, taku biyu ka rufta zurfi. Tun daga nan uwargida ta yafe masa gilashin.

Gaba kaɗan muka tarar da 'yan loto, samarin da ke haƙa rijiya su bi jijiyar kuza ta ƙarƙashi, ana jawo ƙasa da guga. Mata na wanke ta a kwanon sarki, suna juyawa har yashi ya tafi, baƙin tsaki mai nauyi ya kwanta a ƙasa. Baba ya gaishe su da Berom, aka yi dariya, wata ta zuba wa 'yata ɗan kaɗan a tafin hannu. Da mu kaɗai muka je, ba na jin za a bari mu matsa, balle hoto.

Sauran zagayen bai kai wannan ba. Duwatsun Riyom, waɗanda suka hau kan juna kamar an ɗora da hannu, minti 20 sun ishe su. Da muka gangara Hawan Kibo muka isa Assop, ruwan ya ja baya saboda rani. Wurin na da inuwa da daɗin zama, amma ya kamata Baba ya gaya mana tun da safe cewa lokacinsa damina ne, ba sai mun biya kuɗin ƙofa ba. Abincin rana kuwa ya kyauta: ya kai mu rumfar wata mata a hanya, gwaten acha da zafinsa, ya ji ganye da yalo. Na ƙara kwano.

Zan sake ɗaukarsa? Ƙwarai, in dai tarihin kuza ne ya kai ni. Mai neman mota mai sanyi da hoton ruwa kawai ya nemi wani. In kun same shi, ku ce masa ƙarfe 6, ku taho wa yara da bargo, kuma ku roƙe shi ya dawo da ku kafin magariba, don fitilarsa ɗaya ce ke kamawa.