GitHub, lokacin da aiki ya fi ƙarfin mutum ɗaya

Ƴan uwa masu rubuta manhaja, akwai matakin da aiki yake kaiwa wanda duk iyawarka sai ya gagare ka, ka gyara shafin biyan kuɗi shafin sakamako ya lalace, kwastoma na kira da daddare, ka buɗe wani fayil ka rasa me ya sa ma ka rubuta shi haka. Manhajar makarantu da nake riƙe da ita ta kai nan, an fara da sakamakon jarrabawa kawai, sai aka ce a ƙara kuɗin makaranta, a ƙara tura saƙo ga iyaye, can kuma ana son ta waya. Hannu ɗaya dai ba ya ɗaukar jinka, dole na jawo abokan aiki, kuma a GitHub muka haɗu, wato shafin intanet da masu manhaja ke ajiye kod ɗinsu su yi aiki tare a kansa.

Shi GitHub tun 2008 yake, an gina shi ne a kan Git ɗin da Linus Torvalds ya rubuta a 2005 saboda aikin Linux (Git manhaja ce mai riƙe tarihin duk canjin da aka yi wa kod), Microsoft kuma ta sayi GitHub a 2018 kan dala biliyan 7.5. Abin da ya fi shafar mu shi ne tun Afrilun 2020 za ka iya buɗe repo, wato ma'ajiyar kod ɗin aikinka, na sirri ka saka mutane ko nawa ne kyauta, da can mutum uku kawai ake bari.

Gaskiya ajiye kod shi ne ƙaramin amfaninsa a wajena. Matsalar aikin mutum ɗaya ita ce komai a kansa yake, wace makaranta ce ta ce a canza lissafin maki, wane gyara ne aka yi rabi aka bari, duk babu a rubuce, to sabon mutum ya zo ta ina zai fara? Issues, wato wurin rubuta matsaloli da ayyukan da ke jira, shi ne ya warware mana wannan, duk ƙorafin da ya shigo ta WhatsApp sai an mayar da shi can an rubuta wa zai yi, kuma wallahi ranar da na ga jerin gaba ɗaya a allo na gane girman abin da nake ɗauke da shi ni kaɗai. Sai Pull Request, kowa ya yi aikinsa a reshensa, wato nasa kwafin kod ɗin, wani ya duba kafin a haɗa da babban reshe. Da farko za ka ji kamar ɓata lokaci ne tunda ka saba ka rubuta ka tura sabar kai tsaye, amma idan ka san wani zai karanta kod ɗinka dole ka rubuta shi yadda zai gane, ni wannan kaɗai ya ishe ni. Actions kuma, wanda ke gudanar da ayyuka a kan kod ɗinka da kansa, yana ba da minti 2,000 a wata kyauta, mu gwaji muke gudanarwa da shi kuma bai taɓa ƙare mana ba.

Wani abin daɗi, Git ba ya buƙatar intanet sai lokacin turawa ko jawowa, ko netwok ya ɗauke aikinka na tafiya.

Abubuwan da ya kamata ku sani kafin ku shiga: a repo na sirri, kulle babban reshe yadda ba wanda zai tura kai tsaye sai an duba, wannan sai tsarin kuɗi, Team dala 4 ne kowane mutum a wata, kuma da dala ake biya. Fayil ɗin da ya wuce 100MB ba ya shiga. Tun 2021 kuma ba a tura kod da fasawod, sai token ko makullin SSH, wato lambobin sirri na musamman da ke maye gurbin fasawod, sabon shiga yakan ɗan sha wahala a nan, ku zauna da shi ku saita masa.

Sannan don Allah a kula da wanda ake ba izinin rubutu. Ku tuna xz, manhajar matse fayil da ake amfani da ita a Linux, Lasse Collin ne yake riƙe da aikin kusan shi kaɗai har ya gaji, wani mai amfani da sunan Jia Tan ya ɗauki kusan shekara biyu yana taimaka masa har ya samu amana, daga baya ya cusa ƙofar baya a ciki, wato ɓoyayyar hanyar kutsawa kwamfutocin mutane, sai a Maris 2024 Andres Freund ya gano. Manhajarmu akwai bayanan yara da lambobin iyayensu, shi ya sa mu da muka kai ga bai wa wani na waje izini sai muka koma Team, muka kulle babban reshe, ko ni ba na iya turawa sai wani ya duba.