Kwana uku da babur ɗina ya yi a wani gareji na wajen Ƙofar Marusa

Babur ɗin da nake hawa Honda CG125 ne, kuma tun kafin ya zo hannuna yayana ya ci moriyarsa shekara da shekaru, saboda haka ban taɓa sa ran ya yi mini halin sabo ba. Kamfanin Honda ya fito da wannan samfuri ne a tsakiyar shekarun 1970, yana nufin ƙasashe irin namu inda hanya ba ta da kyau kuma ba kowa ne ke canza baƙin mai a kan kari ba, shi ya sa injinsa yake da juriya ƙwarai. Duk da haka, a ƙarshen daminar da ta wuce abubuwa uku suka taso mini a lokaci guda. Idan na ɗauko mutum na murɗa totur, sai injin ya yi ta ruri amma gudu bai ƙaru ba; giya kuma ta yi tauri har sai na buga ta da diddige, ga shi firi, wato inda babur ba ya cikin kowace giya, ba ta samuwa idan injin yana aiki; sannan kowace safiya sai na tarar da danshin fetur a ƙasan zaure, warinsa ya cika gidan.

Bakanike biyu na fara kai wa, kuma dukansu ba su ko hau babur ɗin ba suka yanke cewa sai an raba injin gida biyu an canza haƙoran giya. Wani abokin aikina da muke zuwa Batagarawa tare ne ya kwatanta mini garejin wani dattijo a wajen Ƙofar Marusa a nan Katsina, wanda ba shi da ko allon suna, rumfar kwano ce kawai da benci ɗaya da yara uku masu koyon aiki. Ina rubuta wannan ne domin masu tsofaffin babura su san abin da za su tarar a can, mai daɗi da marar daɗi.

Abin da ya fara burge ni shi ne bai taɓa sifana ba sai da ya gama yi mini tambayoyi. Ya tambayi yaushe abin ya fara, da ko da sanyin safiya ya fi tsanani ko bayan injin ya ɗauki zafi, sannan ya ce, “Malam, wane mai kake zuba masa?” Na gaya masa gaskiya, cewa ragowar man motar maƙwabcina nake karɓa tun da kaya suka yi tsada. Ya girgiza kai ya ce, “To, ga rabin ciwon nan.” Ya bayyana mini cewa kulocin irin wannan babur a cikin baƙin mai yake wanka tare da giya da injin, alhali wasu mayukan mota ana sa musu sinadarin da ke ƙara santsi, wanda yake da amfani ga mota amma yake sa faya-fayan kuloci su riƙa sulɓewa. Ya nuna mini rubutun JASO MA a jikin wata roba, ya ce shi zan riƙa dubawa idan zan sayi mai, domin alama ce ta man da aka yi don kulocin babur.

Daga nan ya bi aikin daga waje zuwa ciki, yana farawa da abin da ya fi arha. Ya ja hannun kuloci ya ga babu ko ɗan sassauci a cikinsa, alhali ana so a bar masa kamar milimita 10 zuwa 20 kafin ya fara jan waya. Ashe wani ne ya ɗaure ta tamau a baya da nufin giya ta yi laushi, sai hakan ya sa kulocin ba ya kamawa sosai, yana ta cin kansa a hankali. Da ya zare wayar daga rigarta sai ga silinta uku sun tsinke sun yi cirko-cirko a wajen lanƙwasa. Ya sa sabuwa, ya hau ya zaga, ya dawo ya ce da sauran aiki, kuma sai a lokacin ya tsiyaye mai ya buɗe murfin injin na hannun dama.

A nan ne na ga bambancin wanda ya san aiki da wanda yake lalube. Faya-fayan kuloci iri biyu ne a jere, masu ɓawo da na ƙarfe zalla, ɗaya bayan ɗaya. Masu ɓawon sun cinye sun yi baƙi, suna warin ƙuna. Na ƙarfen kuwa da ido ba a ganin aibinsu, amma sai ya ɗauko wani guntun gilashi, ya goge shi da gefen rigarsa, ya riƙa kwantar da su a kai ɗaya bayan ɗaya yana danna gefe da ɗan yatsa. Biyu daga cikinsu suka riƙa rawa suna ƙwanƙwasa gilashin, alamar zafi ya karkatar da su, kuma har shuɗin ƙuna ya fito a jikinsu. Ya kuma sa ni na shafa haƙoran kwandon da faya-fayan ke zama a ciki, na ji sun yi tsaga-tsaga kamar bakin zarto. Bayaninsa shi ne, faifan da ya karkace ko ya maƙale a tsaga ba ya sakin ɗan'uwansa ko an ja hannun kuloci har ƙarshe, saboda haka injin yana ci gaba da jan giya, giyar kuwa ba za ta shiga da daɗi ba matuƙar ana janta. Wato taurin giyar da aka ce sai an raba injin a kansa, daga kuloci yake. Ya canza faya-fayan da sifirin ɗinsu, ya bi tsagogin kwandon da magagari a hankali maimakon ya sa ni sayen sabo, ya kuma wanke matatar mai da ke ƙarƙashin wannan murfi, wadda ta cika da baƙin laka.

Sandar giya da ake takawa ma ta saki a kan ƙarfen da ya fito daga injin yake riƙe da ita, kuma ɗaya daga cikin yaran ya kawo shawarar a kai wa mai walda ya liƙe su. Dattijon ya hana, ya ce duk ranar da aka so cire murfin ko canza robar da ke tare mai a wurin, sai an yanke ƙarfen. Sabuwar sanda ya sa aka sayo, kuɗinta kuma bai taka kara ya karya ba.

Batun yoyon fetur shi ya fi damuna, domin tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 kowane ɗigo kuɗi ne, ban da haɗarin gobara a gidan da ake girki da itace kusa da zaure. Ya buɗe makunnin mai na ƙasan tanki, muka tsaya muna kallo, can sai fetur ya fara ɗiga ta ɗan siririn tiyon da ke ƙasan kafireta. A cikin kafireta akwai wata 'yar roba mai yawo a kan mai, wadda idan kwanon ya cika take tura allura ta toshe hanya. Idan datti ya tokare allurar ko bakinta ya cinye, mai zai yi ta shigowa har ya yi ambaliya. Da ya kwance kwanon ya juye a tafin hannunsa, sai ga jan gari kamar na bulo da ɗigon ruwa a kwance a ƙasan fetur ɗin. Tsatsar tanki ce, kuma ya alaƙanta ta da man kwalba da nake saya a hannun 'yan bumburutu da kuma barin tanki kusan wayam a lokacin damina. Ya girgiza 'yar robar a kunnensa don ya ji ko mai ya shige ta, ya ce lafiyarta lau, ya canza allurar kaɗai. An wanke tankin, an sa sabon tiyo domin tsohon ya bushe ya tsattsage, an kuma ƙara 'yar matata a tsakanin tanki da kafireta. Ya ja mini kunne da in riƙa rufe makunnin mai duk dare, domin fetur ɗin da ya yi ambaliya yana iya gangarawa cikin injin ya tsinka baƙin mai.

Inda garejin ya gaza shi ne wajen cika alkawari da tsabtar aiki. An ce mini in dawo bayan la'asar ranar farko, amma sai da babur ɗin ya kwana uku, domin dattijon ba ya ajiye kayan gyara, sai ya aiki yaro kasuwa, yaron kuma sau biyu yana dawowa da faya-fayan da maigidansa ya ce jabu ne. Na yaba da ƙin karɓar jabun, amma wanda babur ɗinsa ne abincinsa, kamar ɗan acaɓa, zai ji jiki da irin wannan jira. Ba a ba da rasit, lissafi duk da baki ake yi, kuma yaran suna ajiye kayan injin a ƙasa cikin ƙura idan maigidan ya tafi masallaci. Bayan na karɓi babur ɗin ma sai da na koma washegari, saboda murfin dama yana naso. Yaron da ya rufe ya mayar da tsohuwar takardar da ke tsakanin murfi da injin ne maimakon sabuwa. Dattijon ya ce, “Malam, ka yi haƙuri, laifinmu ne,” ya yi wa yaron faɗa a gabana, ya gyara bai karɓi ko sisi ba.

Kuɗin da na kashe gaba ɗaya, kaya da ladan aiki, bai kai rabin abin da aka yanka mini a wuraren farko ba, kuma an ba ni tsofaffin kayan da aka cire a leda ba tare da na tambaya ba. Bai ɓoye mini ba cewa giya ta biyu ta fara gajiya, kuma idan ta soma fita da kanta lokacin da nake jan kaya, to wannan karon babu makawa sai an raba injin, domin ciwon yana can cikin haƙora ko cokulan da ke tura su. Makonni shida ke nan da gyaran, kuma a cikinsu na je Daura na dawo, tafiyar kusan kilomita 80 kowane zuwa, da ƙanena a baya. Kulocin bai sulɓe ba ko sau ɗaya, firi tana shiga da ɗan taɓi kaɗan ko injin yana aiki, ƙasan zaure kuma a bushe nake tarar da shi da asuba. Giya ta biyun ta fita mini sau ɗaya a hanyar dawowa, kuma na riga na gaya wa dattijon cewa idan albashin wata mai zuwa ya shigo zan kawo masa, amma da sharaɗin zan sayo kayan da kaina tun kafin ya kwance ko noti ɗaya.